Bargon da Muka Ɗinka a Kan Bonet

Mijin yayata yana da suna na gaskiya, yana nan rubuce a katinsa na shaida, amma in ka shigo layin garejinmu kana tambaya da shi, har ka fita ta ɗaya bakin babu wanda zai nuna maka ƙofa. Ka ce Rabin Inci kawai. Ko akuyar da ke kwanciya a ƙarƙashin matattun motoci ta san shagonsa.

Da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. Sana'arsa ɗinkin kujerun mota. A shekarar da ya yi aure ya buɗe shago, yau shekara talatin da shida ke nan, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa nuna masa abin da hannun mutum ya yi ba face ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Ya karkace da rabin inci." Allon shago, ƙofar banɗaki, layin da aka ja a titi, askin da aka yi maka da safe. Ranar da aka haifa mini ɗan fari na ɗauko shi a tawul na kai masa da murnata. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce Allah ya raya, sannan ya gyara tawul ɗin. Na gode wa Allah da abin ya tsaya a tawul.

Ni kuma Guduma ake ce mini. Sana'ata buga jikin mota in ya lotsa, ko da yake akwai maƙiya da ke cewa daga bakina sunan ya fito. Bango ɗaya ya raba shagona da nasa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ya auri Yaya, don haka na taso da shi yadda mutum ke tasowa da haƙori mai rami: kullum kana sane da shi, kuma ba ka so a cire.

Rabin Inci gajere ne siriri, tef ɗin awo rataye a wuya, alli a bayan kunne, reza a aljihun gaba naɗe cikin takardarta. Bai taɓa koyon tuƙi ba. Mutumin da rabin direbobin gari ke zaune a kan aikin hannunsa, da ƙafa yake zuwa aiki, da ƙafa yake komawa. Amma ka ciro kujera ka ajiye masa a ƙasa ba tare da ka ce uffan ba, zai danna soson da tafin hannu ya gaya maka mai ita. "Wannan da ɗuwawu ɗaya yake tuƙi, yana jingina da ƙofa." "Wannan ya ƙara ƙiba tun bara, a ce wa matarsa ta sassauta." Ba ya dariya in ya faɗa. A wurinsa ba wasa ba ne, sakamakon bincike ne.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe ba mu gane kanta ba. Kullum da yamma in ya share shago, sai ya tsuguna ya tsince ragowar yadi da leda da suka faɗo daga bakin almakashi. Wanda bai kai tafin hannu ba ya bi shara. Wanda ya kai, ya ninke shi biyu ya sa a aljihu ya tafi da shi gida. Mai Walda, maƙwabcinmu na hannun dama, ya ce mota yake haɗawa a ɓoye, ya fara daga kujeru.

Mutum ɗaya ce a duniya take da amsar rabin incinsa, ita ce Yaya. Doguwa ce mai ƙarar dariya, in ta ƙyalƙyale a tsakar gida maƙwabta kan taya ta ba tare da sun ji labarin ba. In ta ajiye masa faranti ya ce ya karkace, sai ta ce, "To ka karkata ka ci." In ya ce ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, ta ce, "Ai don in dace da mijina ne."

Yaya ta rasu wata Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Ba zan tsaya a nan ba, don in na tsaya ba lallai in iya tashi ba.

Rabin Inci ya rufe shago, ya ce sai bayan mako guda. Mako ya zama wata, wata ya zama uku. Ya tare a ɗaki kan kujerar Yaya, wata tsohuwar kujera mai soso da ta yage a hannun dama, wadda tun autarsu tana rarrafe yake cewa zai gyara. Ya ɗauko wata kwat mai nauyi ya saka, ya ce sanyi yake ji, alhali ana zafin da kwalta ke laushi a titi. Abinci yadda aka kai haka ake ɗaukowa, sai dai an ɗan ture shi gefe don kada a ce bai taɓa ba.

Autar tasu ma'aikaciyar jinya ce, duk dangi Nas muke ce mata, har uban. Ta auna zafin jikinsa, ta auna jininsa, ta kai shi an duba ƙirjinsa. Babu komai. Ni ma sai na yi nawa gwajin. Na shiga ɗakin da maɓallan rigata a saɓe, na sama a ramin na ƙasa. Na je gaban idonsa na karkata kalandar bango har sai da kwanakin suka kusa zubowa. Ya dube ni, ya dubi kalandar, ya ce, "Sannu da zuwa."

Tunda nake da shi bai taɓa yi mini sannu da zuwa ba. A ranar ne na tsorata.

Ana haka babban ɗansu ya bugo waya. Ma'aikacin ofis ne a wani gari mai nisa, Yallaɓai muke ce masa tun yana firamare saboda yadda yake tafiya da hannu a baya. Yaron kirki ne, sai dai duk matsalar duniya a wurinsa tana da magani ɗaya, wato a canza mata wuri. Ya ce Asabar ta ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da Baba. Ya shirya masa ɗaki a hawa na uku, da talabijin da fanka. Keken ɗinki kuma a ba wanda yake so.

Nas ta same ni a shago, ta zauna kan taya da kayan aikinta farare, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kawu, in aka kai Baba can, ba zai ga baɗi ba."

"Akwai talabijin fa."

"Kawu."

"Na ji. To me za mu yi? In ɗauko guduma in buga shi ya dawo daidai?"

Sai ta ce in biyo ta gida. A ƙarƙashin gadon uwarta ta jawo buhu uku, cike taf, an ɗaure bakinsu da igiya. Ta kwance ɗaya. Ga motar da Mai Walda yake faɗa. Ragowar yadin kujeru na shekara talatin da shida, kowanne a ninke biyu. A tsakaninsu kuma akwai abin da ba daga shago ya fito ba: guntayen zannuwan Yaya da suka tsufa, labulen da suka tare da shi, aljihun rigar makarantar Yallaɓai da tambarinsa.

"Mama ta taɓa ba ni labari," in ji Nas. "Shekararsu ta farko an yi sanyi, bargonsu ɗaya kuma gajere. Baba ya ce zai ɗinka mata bargon da babu mai irinsa, ta dinga ajiye ƙyallen da zai riƙa kawowa. Duk shekara in ta tuna masa, sai ya zazzage buhu ya duba ya ce launukan ba su gama dacewa ba."

A saman buhu na uku akwai ƙyalle huɗu da aka haɗa da hannu, girmansu duka bai wuce faranti ba. Ɗinkin yana tafiya kamar sawun kaza, kuma allurar tana nan soke a inda aka tsaya. Yaya ba ta iya ɗinki ba. Takan ce ai don kada ta koya ne ta auri tela. Ashe da ta gaji da jira ta fara da kanta, ciwo ya katse ta.

"Ya ce sanyi yake ji," in ji Nas. "Mu ɗinka masa."

"Mu wa? Mutum ɗaya ne ya iya riƙe allura a layinmu, kuma shi za a ba kyautar."

"Ni na iya ɗinki."

"Na mutane."

"Fata fata ce, Kawu."

Haka muka zama mu huɗu: ni, Nas, Mai Walda, da Mai Fenti na ƙarshen layi, wani dogon mutum mai sanyin magana wanda farcensa bai taɓa kwana biyu da launi ɗaya ba. Makullin shagon Rabin Inci yana hannuna. Muka buɗe, muka tsaya muna kallon keken ɗinkinsa a lulluɓe, kowa yana jiran wani ya fara taɓawa. Mai Walda ya ce shi dai yana da iyali. Muka ɗauki basilla huɗu da zare da ɗan soso mai laushi, muka ja ƙofa.

Matsala ta farko wurin shimfiɗa aiki. Ƙasan gareji baƙin mai ne, teburinmu mafi girma kuwa ko jarida ba ta buɗuwa a kai. Amma a shagona akwai wata tsohuwar mota mai faɗin gaba, ta wani likita, wata bakwai tana jiran kayan gyara. Bonet ɗinta, wato murfin injin, ni na buga shi da hannuna bayan ta yi karo, ya fito sumul kamar goshin jariri. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai game da shi: ranar da na gama, Rabin Inci ya leƙo ya ce gefen hagu ya faɗa. Na ce ƙarya ne, muka kwana uku ba ma gaisawa. To a kan wannan bonet muka baza ƙyallaye, muka sa ɗinkin Yaya a tsakiya, muka fara zagaye shi.

Kullum in an tashi aiki da la'asar sai mu taru, mu yi har haske ya fara ƙarewa. Babu wanda ya koya mana, don haka kowa ya zo da abin da hannunsa ya sani.

Mai Walda ba ya yarda bakin ƙyalle ya sadu da bakin ƙyalle kawai. Sai ya ɗora ɗaya kan ɗaya da faɗin yatsa uku, ya ɗiɗɗiga ɗinki nan da can don ya riƙe, sannan ya dawo ya bi layi sau biyu. Haɗinsa kaurinsa ya kai igiyar rijiya.

"Malam, bargo muke yi ba ƙofar kurkuku ba," na ce masa.

"Ka taɓa jin haɗina ya ɓalle?"

"Ban taɓa jin an rufa da shi ba dai."

Rana ta uku ya kawo shawarar a narka bakin ledar da wuta ya manne da kansa. Kafin mu hana ya gwada. Ramin da ya fito mun toshe shi da aljihun rigar Yallaɓai, shi ya sa tambarin makarantar firamare yake gefen dama na bargon.

Nas kuwa kowane ɗinki ɗaya sai ta ƙulle shi ta yanke zare, sannan ta soma wani, a jere kamar ƙafafun tururuwa. Kafin ta soka basilla takan goge wurin da yatsa. Sau biyu na ji ta tana ce wa ƙyalle, "Sannu, saura kaɗan."

Mai Fenti bai cika ɗinki ba. Aikinsa ya ja da baya taki goma, ya harɗe hannu, ya ce a ɗauke ja daga kusa da kore don suna faɗa. In an ɗauke ya ce yanzu kuma shuɗin ya yi maraici. Mai Walda ya ce in ya ƙara magana zai ɗinke shi a ciki, tunda rigarsa ta fi kowane ƙyalle launi.

Ni nawa aikin shi ne kada a sami tazara. A sana'ata abin kunya ne a ga haske tsakanin abu da abin da ya kwanta a kai. Don haka na sa muka ja yadin ya miƙe tsaf, muka kama bakinsa a gefen bonet da filayoyin Mai Walda masu cizo. Duk inda ya tattare, in rage shi da almakashi har ya kwanta. Duk inda haɗi ya yi tudu, in bi shi da gudumar roba. Na yi alfahari da aikin nan ƙwarai. Ka shafa hannu daga gilashi har fitila, ba za ka ji ko kumfar iska ba.

Wata rana ina zaro ƙyalle daga buhu na ci karo da wani guntun zane mai ruwan ƙasa da zanen ganye, gefensa a yage ba yankan almakashi ba. Na san shi. Makona na farko a wurin koyon aiki na fasa babban yatsana da guduma, na gudo gida ina ihu, Yaya ta yage bakin zanen da ke jikinta ta ɗaure mini, ta ce in koma kafin a ce ƙaninta rago ne. Wannan ragowar zanen ne. Na tsaya riƙe da shi ban san tsawon lokacin ba. Mai Walda, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya karɓi basillata ya ci gaba da layina bai ce komai ba. Layin nan ma ya ɓata shi, amma ban yi masa magana ba.

Da fuskar ta haɗu, aka zo saka soso da bayan bargo. Nan Mai Fenti ya sami ranarsa. Ya ce ya sha ganin Rabin Inci yana shafa gam kafin ya ɗora soso a kujera, shi kuma zai yi abin da ya fi haka. Ya zuba gam a bindigar fenti ya fesa shafi biyu, ya jira ya sha iska, ya ƙara na uku don kyau. Muka ɗora soso, muka ɗora tsohon labulen Yaya, muka danne, muka bar shi ya bushe kwana biyu a inda yake.

Ranar Laraba, saura kwana uku Yallaɓai ya zo, muka cire filayoyi muka ɗaga bargon, mutum ɗaya a kowace kusurwa, muka ajiye shi kan tamfol a ƙasa.

Bai kwanta ba.

Tsakiyarsa ta tashi ta yi doro. Layi biyu suka taso daga baya zuwa gaba, daidai inda suke a motar. Gabansa ya lanƙwasa ƙasa, da ɗan lotsawa biyu a wurin fitilu. Muka zagaye shi muna kallo. Akuyar layin ta zo ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ga inuwa, ta fara shirin shiga.

"Saura lamba," in ji Mai Walda.

Na bi shi da guduma, ya lotsa nan ya tashi can. Muka ɗora masa taya huɗu har washegari. Da muka ɗauke, ya numfasa a hankali ya koma yadda yake. Na ce mu farke mu sake. Nas ta ce da wane lokacin? Ta ce haka za mu kai shi, ko kunkuru ne dai na iyayenta ne.

Alhamis da safe muka ɗauke shi a kai, mu uku, Nas tana gaba tana ba mutane haƙuri. Bai shiga ƙofar ɗaki a kwance ba sai da muka karkata shi. Muka ɗora shi kan gado ya zauna kamar an yi fakin.

Rabin Inci yana kan kujerar Yaya cikin kwat ɗinsa. Ya rame har tef ɗin da babu a wuyansa ya fi komai fitowa fili. Nas ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ka ce sanyi kake ji. Shi ne muka haɗa maka, ni da su Kawu."

Idonsa ya bi ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya gane su. Ya tsaya a kan labulen da ya leƙo ta gefe, ya tsaya a tsakiya inda ɗinkin Yaya yake, ya daɗe a can.

"Wa ya ce ku taɓa buhunan nan?"

Sai a lokacin ya faɗo mini cewa abin da muka ɗauko a kai muka kawo masa har ɗaki shi ne alkawarin da bai cika ba. Mai Fenti ya fara nazarin farcensa.

"Na gode," in ji Rabin Inci can. "Allah ya saka." Ya juya fuska ga bango.

Muka fito sum-sum. Nas ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da bayan hannu. Ina neman takalmina ɗaya, ina lissafin yadda zan taya Yallaɓai ɗaukar kaya ranar Asabar, sai na ji murya daga ɗaki.

"Guduma."

Wata uku bai kira sunan nan ba. Na koma da takalmi ɗaya. Ya tashi tsaye a bakin gado, kansa a karkace, idonsa ɗaya a runtse.

"Wannan bonet ɗin motar likita ne."

"Shi ne, Maigida."

"Na gaya maka gefen hagu ya faɗa. Ga shi nan ya fito a bargo."

Na duba. Wallahi ya fito.

"Da nawa bargon ya karkace?" na tambaya, ina addu'a a zuci.

Ya zagaya ta ƙafar gado, ya tsuguna ya hango shi daga ƙasa, ya danna doron ya ga ya taso.

"Ba a ƙera tef ɗin da zai auna wannan ba," ya ce. "Nas, ba ni reza."

Ya zauna a bakin gado ya jawo kusurwa ɗaya kan cinyarsa ya fara farkewa. Mu kuma muka jeru a jikin bango kamar waɗanda aka kama da satar amsa.

"Wannan Mai Walda ne. Ka ɗauka tirela za ta bi ta kai?"

"Don ƙarko ne, Maigida."

"Wannan 'yata ce. Ta ji tsoron kada jini ya zuba." Ya shinshina. "Gam. An fesa wa bargo gam. Shafi nawa?"

"Uku," in ji Mai Fenti a hankali.

"Ai ka yi ƙoƙari da ba ka goge shi da sandfefa ba." Ya shafa wani haɗi da ya baje. "Wane mara tsoron Allah ne ya buga wa ɗinki guduma?"

"Ta roba ce," na ce.

Kafin azahar gumi ya jiƙa shi, ya cire kwat ɗin ya jefa kan kujera bai ma sani ba. Nas ta lallaɓa ta ajiye faranti kusa da hannunsa na hagu. Yana zagin Mai Walda yana ci, har ya share farantin. Da ya gama ya tura shi gefe ya ce gishirin ya yi yawa. Nas ta fita tsakar gida ta yi kukan da ban taɓa ganin an yi wa gishiri ba.

Juma'a da safe ya aiko a karɓo makulli. Ya ce wannan ɓarnar ta fi ƙarfin hannu, sai keke. Da ƙafa ya zo, a hankali, yana hutawa a jikin bango, tef a wuya. A hanya ya tsaya ya gaya wa mai sabon shagon taya cewa allonsa ya karkace.

Asabar Yallaɓai ya iso, ya tarar da gida babu kowa, ya biyo mu gareji. Ya samu ubansa a kan keke, mu uku kuma zaune a benci, kowa da tulin ƙyalle a gabansa muna kankare gam da bayan cokali. Hukuncin da aka yanke mana ke nan.

"Baba, na zo. An shirya komai."

"Ina da aiki."

"Wane aiki kuma, Baba? Ka huta mana haka."

"Ƙyalle ɗari uku da sha ɗaya, kawunka da abokansa sun ɓata kowanne. In na tafi wa zai gyara? Su?" Ya leƙa ta ƙofa ya hango motar. "Kujerarka ta zauna ta gefen dama. Har yanzu a karkace kake zama kamar lokacin da kake aji uku. Ciro ta."

Yallaɓai ya dubi ƙanwarsa. Ta ɗaga masa kai. Ya cire agogo ya nemi sifana. Kwana biyu ya yi, ya koma shi kaɗai a kan sabuwar kujera, bayan an yi yarjejeniya cewa Baba zai je in ya gama bargo.

Wata biyar bargon ya ci. Mutumin da ke gama kujerun bas guda a kwana huɗu. Kullum sai ya fara sallamar direbobin da suka dawo suka yi layi, sannan da yamma ya jawo bargo ya haɗa ƙyalle biyu ko uku, ya ninke ya ajiye. In Yallaɓai ya bugo waya ya ce da saura. Da aka gama kuma maganar tafiya ba ta sake tasowa ba, don a lokacin ya ɗauko kujerar Yaya ya kawo shago, ya ce ita ma aiki ce babba.

Ranar da ya gama ya kira mu ya shimfiɗa shi kan tamfol. Ya kwanta lif kamar ruwa a tire. Kowane layi ya miƙe, kowace kusurwa ta sadu da 'yar'uwarta, ja da kore ma sun daina faɗa. Aljihun Yallaɓai yana nan, zanen yatsana yana nan. Daga aikinmu na kwana goma sha shida ko zare ɗaya bai rage ba.

Sai tsakiya. Ƙyalle huɗun nan na Yaya suna nan yadda ta bar su, da sawun kazarsu. Bai farke ko ɗinki ɗaya ba. Ƙyallayen da ke kewaye da su ya yanka a karkace, ɗaya bayan ɗaya, don su zo su same ta a inda ta tsaya, sannan a hankali layin ya miƙe kafin ya kai baki.

Na zare tef daga wuyansa, abin da babu wanda ya taɓa yi, na durƙusa na auna.

"Maigida, nan ya karkace da rabin inci."

Ya karɓi tef ɗinsa ya mayar wuya. Bai runtse ido ba, bai karkata kai ba.

"Daidai yake," ya ce. "Je ka gyara bonet ɗin mutane."